Maƙwabcin da ba ya tsayawa gaisuwa: muhawarar Hausawa mazauna Danmak

Sabon Zuwa, Aalborg:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi min haƙuri, tambaya gare ni, ko da yake za ta yi kama da ƙorafi. Karatu ne ya kawo ni ƙasar nan a watan Satumba. Maganar takardu alhamdu lillahi, lambar CPR ta rajistar mazauna ƙasa ta fito, katin asibiti mai ruwan ɗorawa ya iso, asusun banki ma an buɗe. Mutanen ne suka gagare ni. Wanda ƙofarsa ke kallon tawa, in mun haɗu a matakala sai ya ɗan gyaɗa kai ya wuce, ko "ya gida" babu. A cikin bas kowa kujerar da ba kowa a gefenta yake nema. 'Yan ajinmu in muna aiki tare sai ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ƙarfe huɗu na yi kowa ya haye kekensa ya ɓace. Na ce wa ɗaya daga cikinsu zan leƙo gidansu ranar Asabar mu gaisa, sai ya zaro waya ya dudduba ya ce, "Mako na 46 ya yi maka?" Don Allah manya, wariya ce ake nuna min, ko haka suke har a junansu?

Baba Alhaji, Kwapanhagan:
Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa ɗana, Allah ya ba da abin da aka zo nema. Kwantar da hankalinka, haka suke har a junansu. Uwa ma in za ta je gidan ɗan da ta haifa sai ta sanar tukuna. Mu muna cewa zumunta a ƙafa take, su tasu a kalanda take. Makonnin shekara lamba suke da ita, kowa ya san mako na 42 hutun kaka ne na 'yan makaranta, mako na 7 kuma hutun hunturu a yawancin garuruwa. Yaron nan da ya ce maka mako na 46 ba korar ka ya yi ba, wuri ya ware maka. Ka karɓa, ka rubuta, kuma ranar kada ka yi lokacin gida. In ya ce ƙarfe shida, shida daidai ka danna ƙararrawa. Kada ka riga lokaci, kada ka wuce shi da fiye da minti biyar ba ka aika saƙo ba. Ka cire takalmi a bakin ƙofa, wannan dai mun saba. Ka riƙe ɗan abu a hannu, fure ko cakulan. Sannan ka shirya zama, don ba a cin abincinsu a tashi. Za a kunna kyandir, a ci, a yi hira, a kawo kofi da kek, har sha ɗayan dare kuna kan tebur ɗaya. Da an gama ka ce "tak for mad", godiyar abinci ke nan, yaro ƙarami ma ba ya tashi daga tebur bai faɗa ba. In kun sake haɗuwa, ko bayan wata guda ne, ka fara da "tak for sidst", wato kana godiyar zaman da kuka yi. Waɗannan biyun suna buɗe ƙofa fiye da yadda kake tsammani.

'Yar Damagaram, Odense:
Baba ina wuni. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma kada mu shafa wa yaron nan zuma a baki. Akwai ɗabi'a, akwai kuma siyasa, kuma ta biyun ba kunya ba ce. Tun 1 ga Agusta 2018 an hana rufe fuska a bainar jama'a, mai niƙabi tarar kurona 1,000 ce a karon farko. A shekarar ne kuma suka fito da dokokin unguwannin da gwamnati da bakinta ta kira "geto", kuma cikin ma'aunin da ake sa unguwa a jerin har da yawan mutanen da asalinsu ba na ƙasashen Yamma ba ne. Ku zo Vollsmose nan Odense ku ga gidajen da aka rushe. A irin unguwannin da aka ware, yaro yana cika shekara 1 dole a kai shi gidan reno awa 25 a mako ya koyi yare da al'adun ƙasa, in kin ƙi a tsayar da kuɗin yara. To wannan ma kalanda ce?

Baba Alhaji, Kwapanhagan:
'Yata, ban ce babu ba. Ina nan a 2005 lokacin da jaridar Jyllands-Posten ta buga zanen ɓatancin nan ga Annabi, na san yadda muka kwana, na kuma san rayukan da aka rasa a Maiduguri a Fabrairun 2006 a kan wannan magana. Amma tambayar yaro a kan maƙwabcinsa ce. In ya ɗauka duk wanda bai gaishe shi a matakala ba maƙiyinsa ne, zai rufe kansa a ɗaki, kuma hunturun ƙasar nan ba ya yi wa mai zaman ɗaki da sauƙi. Majalisar da ta yi waɗancan dokoki ita ce kuma a Disamban 2023 ta haramta wulaƙanta littattafai masu tsarki, har da ɗaurin shekara 2. Ƙasa ce mai fuska fiye da ɗaya.

Maman Ummi, Aarhus:
Ƙanena sannu da zuwa. Ni ta hanyar haihuwa na shiga cikinsu, kai kuma sai ka nemi taka hanyar. Nan in mace ta haihu, ƙaramar hukuma na turo nas har gida ta auna jariri ta duba lafiyar uwa, sannan ta haɗa ki da wasu mata biyar ko shida na unguwa da suka haihu lokaci ɗaya. Kowane mako ana taruwa a gidan ɗaya. Ranar da aka fara taruwa, watan Janairu ne, sanyi har cikin ƙashi, ina isa na tarar da kekunan jarirai jere a tsakar gida, a waje, kowane da jariri a ciki yana barci. Iyayen suna ciki suna shan kofi, an ajiye 'yar na'urar jin kukan yaro a kan tebur. Na rungume Ummi na ce wallahi ba da ni ba. Suka yi ta dariya, ɗaya ta fita da ni ta sa hannuna a wuyan ɗanta cikin jakar barcinsa ta ulu, na ji ɗumi kamar yanzu aka sauke shi daga goyo. Su a ganinsu iskar waje ce ke sa yaro dogon barci da ƙarfin jiki. Har a ƙofar gidajen shan kofi za ka ga an ajiye keke da jariri, uwar tana ciki tana hango shi ta gilashi. A 1997 wata 'yar ƙasar nan ta yi haka a New York, 'yan sanda suka kama ta.

Abin da nake so ka gane, waɗannan matan da a titi ba za su kalle ni sau biyu ba, da aka haɗa mu a ƙarƙashin wani tsari sai ga shi muna zancen nono da ciwon baya da halin mazaje. Ranar da zagaye ya zo kaina na yi musu masa da miyar taushe, suka cinye tas, ɗaya har ta rubuta yadda ake jiƙa shinkafar. Ba sa iya abota da ka, sai da dalili. Nemi ƙungiya. Ƙwallon ƙafa, ninkaya, gudu, waƙa, lambu, komai a ƙasar nan yana da ƙungiyarsa da shugabanta da ma'ajinta da taron shekara. Kuma in an liƙa takarda a ƙofar gininku cewa ranar kaza za a yi aikin gayya, shara da fenti da gyaran rumfar kekuna, kada ka kuskura ka ƙi fita. A nan za ka ji sunan maƙwabcin naka.

Ɗan Zongo, Esbjerg:
Maman Ummi ta gama magana. Amma abokina faɗa mana gaskiya, shekarunka nawa, kuma akwai iyali? Don in ka cika 25 a ƙasar nan ba ka yi aure ba, abokai ɗaure ka suke yi a jikin turken fitilar titi, su watsa maka ruwa, su bi ka da garin kirfa har sai ka koma ja. A nan yankin Jutland abin ya fi ƙarfi, za ka ga tabon kirfa a gindin turaku. In ka kai 30 kuma masoro ne. Da na fara gani na ce ashe Nalako yana da 'yan uwa a Turai, tashen gwauro ne sak, sai dai su ba sa jiran azumi.

Sabon Zuwa, Aalborg:
Yaya ka rufa min asiri, a watan Maris zan cika 25. Ba wanda zai ji ranar haihuwata a bakina.

Ɗan Zongo, Esbjerg:
Ka makara. Lambobi shida na farkon CPR ɗinka ranar haihuwarka ce. Kuma ranar za ka tarar an kafa 'yar tuta a kan teburinka, kai ne kuma za ka kawo kek ka raba wa mutane, ba su za su kawo maka ba.

Ɗan Numan, Kwapanhagan:
Salama gare ku duka. Tun da an taɓo tuta, kada sabon zuwa ya tsorata in ya ga ja da farin nan a ko'ina. A wasu ƙasashen Turai in ka ga mutum ya kafa tuta a ƙofarsa sai ka fara tunanin ko mai ƙin baƙi ne. Nan kayan murna ce: a kan kek, a filin jirgi wajen taryar matafiyi, a jikin bas ranar haihuwar sarki. Dannebrog suke kiran ta, kuma labarin da suke ba yaransu shi ne daga sama ta faɗo a 1219, lokacin wani yaƙi a Estoniya.

Ni abin da ya fi ɗaure min kai daban ne. Mu a Adamawa da sunan Danmak muka tashi. Likita Niels Brønnum ya sauka Numan a 1913, daga aikinsa cocin Lutheran ta Najeriya ta samo asali, har yau hedikwatarta na Numan. Na zo ina zaton zan tarar da masu ibada fiye da mu. Ranar Lahadi na shiga coci mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, na tarar da tsofaffi 'yan kaɗan. Alhali kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen ƙasar mambobin cocin ƙasa ne, suna ma biyan harajin coci. Baftisma, bikin tabbatar da yara cikin bangaskiya a shekara 13 ko 14, aure, jana'iza, jajibirin Kirsimeti, shi ke nan zuwansu. Saboda haka 'yan uwana Musulmi, in kun ga suna mamakin mai salla biyar, ku sani ni ma da na ce ina zuwa coci kowane mako kallon da aka yi min ke nan. Addini a wurinsu abin cikin ɗaki ne, tambayar mutum ko ya yi imani da Allah ta fi tambayar albashinsa nauyi.

Ɗan Zongo, Esbjerg:
Mu ma a Ankara ta Gana mun san su, ta wata ƙofar. Fadar Osu sunanta Christiansborg, sunan ginin da majalisarsu ke zama a ciki a Kwapanhagan. Daga Osu suka yi ta lodin bayi, sai a 1850 suka sayar wa Ingila da ganuwoyinsu suka tafi. Da yawa cikin abokan aikina ba su taɓa jin labarin ba. Amma in na ce musu Fan Milk da muka sha muna yara ɗan ƙasarsu ne ya kafa ta, sai fuska ta washe.

Malam, Aarhus:
Assalamu alaikum. Ana ta cewa ya shiga cikinsu, ba a faɗa masa inda zai tsaya ba, ga shi Disamba ta ƙarato. Ɗalibi, za a gayyace ka walimar Kirsimeti ta makaranta ko ta wurin aiki, julefrokost suke ce mata. Sunan abincin rana ne, amma giya ce da naman alade tun la'asar har tsakar dare, kuma mutanen da ka sani da kamun kai za ka ga sun zama wasu daban. Ƙasar nan aladunta sun fi mutanenta yawa. Ƙwallon naman da suke kira frikadeller, da hantar da suke shafa wa baƙin burodi, duk yawanci alade ne, har alewa mai danƙo sai ka karanta bayanta. A 2016 majalisar garin Randers har ƙuri'a ta kaɗa cewa lallai naman alade ya kasance cikin abincin gidajen renon yara na hukuma. Tun 2014 kuma an hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, shi ya sa wasunmu suke sayen naman da aka shigo da shi daga waje. Ni shawarata, ka ba da uzuri ka yi zamanka.

Maman Ummi, Aarhus:
Allah gafarta Malam, a nan kam ban bi ku ba. Maigidana yana zuwa kowace shekara. Tun kafin ranar ake turo takarda a tambayi abin da mutum ba ya ci, ya rubuta. Ya ci kifi da burodi, ya sha lemonsa, a yi wasan rabon kyaututtuka da shi, kafin kwalba ta fara aiki ya yi sallama ya taho. Ba wanda ya taɓa tilasta masa. Abu ɗaya da na yaba musu, in ka ce "ba na sha" kai tsaye, an wuce wurin. Kwana-kwana ce ba sa so. In ka ce "sai na gani" ko "in Allah ya yarda" alhali a ranka a'a kake nufi, su e suka ji, za su ajiye maka kujera, in ba ka zo ba ka zama mara alkawari.

Malam, Aarhus:
Hajiya, zama a teburin da ake shan giya magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, ba ra'ayina ba ne. Amma na yarda akwai bukukuwansu da ba ruwansu da wannan. Fastelavn da ake yi kafin azumin Kirista, yara su yi shigar ban dariya su yi ta dukan gangar katako har alewar ciki ta zubo, nawa yaran ma suna zuwa. A da can kyanwa mai rai ake sawa a gangar, yanzu sai hotonta. Na daren 23 ga Yuni ne, da ake hura wuta a bakin ruwa a ƙona mutum-mutumin mayya ana waƙa, ban ga abin da zai kai ni ba.

'Yar Damagaram, Odense:
Ni wannan ina zuwa kallo, Malam, don waƙar da suke yi tare. Mutanen nan da ba sa magana a bas, a ba su takardar waƙa sai ka ji murya ɗaya, tsoho da yaro. Amma bari in koma kan abin da ke ci min rai, tun da aikina ke nan. A gidan kula da tsofaffi nake aiki. Ɗaki mai kyau, abinci da magani a kan lokaci, hoton jikoki a bango. Akwai tsohuwar da nake yi wa wanka, 'yarta tana gari ɗaya da ita, sai ranar Lahadi take zuwa, awa guda, ta tafi. Wata rana na kasa haƙuri na ce wa tsohuwar a garinmu da a ɗakin 'yarki kike. Ta kalle ni ta ce Allah ya kiyaye, ita ba ta haifi 'yarta don ta zama mai yi mata wanka ba, ta biya haraji shekara da shekaru don kada ta ɗora wa kowa nauyi. Har yau ban san ko tausayinta zan ji ko sha'awarta ba.

Baba Alhaji, Kwapanhagan:
To kin zo wurin. Abin da mu muke yi da hannu, kuɗin makarantar ɗan ƙane, asibitin gwaggo, buhun masarar maƙwabci, su sun tattara shi sun miƙa wa hukuma. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashi yana tafiya haraji, ga kashi 25 cikin 100 a kan kusan duk abin da ka saya. A madadin haka likita kyauta, jami'a kyauta ga 'yan ƙasa, har a biya ɗalibi kuɗin zama duk wata. Shi ya sa mutum bai ga dalilin sanin maƙwabcinsa ba, ba ya jiran ranar da zai buga masa ƙofa neman rance. Kuma sun yarda da juna. Ku fita ƙauye da rani ku ga tebur a bakin hanya, dankali da ƙwai da zuma, ba mai tsaro, sai akwatin kuɗi ko lambar MobilePay ta biyan kuɗi ta waya.

'Yar Damagaram, Odense:
Hukuma tana biyan kuɗin wanka, Baba, amma ba ta zama a bakin gado ta yi hira. Ni dai na gaya wa 'ya'yana tun yanzu.

Ɗan Numan, Kwapanhagan:
Ki gaya musu a hankali, Anti, don nan yara da bakinsu suke tashi. Malaminsu ma da sunansa suke kiran sa, ba "Malam" ba "Sir". Shugaban wurin aikina da kansa yake wanke kofinsa, in na ce masa ranka ya daɗe zai ɗauka zolaya ce. Kuma tun 1997 doka ta hana dukan yaro, ko na cikinka ne. In yaro ya faɗa a makaranta, wajibi ne malama ta sanar da hukuma. Duk mai shirin kawo iyali ya san wannan tun kafin su sauka.

Sabon Zuwa, Aalborg:
Na gode ƙwarai manya, Allah ya bar zumunci. Wata tambayar kuma ga Malam: yanzu ƙarfe huɗu ba ta yi sai duhu, salloli suna haɗe min a cikin aji.

Malam, Aarhus:
Ai ba ka ga komai ba tukuna. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas da rabi, kafin huɗu ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk a cikin awa huɗu suke faɗowa. Ka sami malaminku ka gaya masa a fili kana buƙatar minti biyar da wani lungu, yawanci ba sa hanawa in an tambaya. Da rani kuma abin ya juye, rana tana kaiwa kusan goma na dare. Waɗanda suka yi azumin 2015 da 2016 a nan sun san abin da ake kira azumi. Ka nemi jadawalin masallacin garinku ka bi shi, kada ka yi ta tsalle tsakanin manhajoji. Ka sayi ƙwayar bitamin D, fatarmu ba ta samun abin da take buƙata a wannan rana. Kekenka kuma ka sa masa fitila gaba da baya, rashinta tarar kurona 700 ce.

Baba Alhaji, Kwapanhagan:
Saura abu ɗaya da ba a so a ji, amma gara a faɗa wa baƙo da wuri. Mutanen nan sama da kashi 80 cikin 100 ƙona gawarsu ake yi, kuma jana'izarsu takan kai mako guda ko fiye kafin a yi ta. Mu muna da maƙabartar Musulmi a Brøndby tun 2006, wasu garuruwan kuma sun ware mana ɓangare a maƙabartunsu. Amma binnewa a ranar da aka rasu da wuya take, sai takardu sun kammala, kuma akwai kuɗi, balle in za a kai mutum gida. Shi ya sa muke da asusun da kowa ke zuba ɗan abu duk wata, Musulmi da Kirista, na Najeriya da na Nijar da na Gana. Ɗana, ka turo min saƙo ta gefe in haɗa ka da mai riƙe da littafin. Ku na Jutland kuma, wa ke karɓar na wannan watan a wajenku?

Ɗan Zongo, Esbjerg:
Ni ne, Baba. Mutum uku ba su biya na Oktoba ba, sun san kansu. Zuwa Juma'a zan fara kiran waya.